A Ba Tsohuwar Kwamfuta Zaurenta

Ranar da aka kawo sabuwar rauta gida, wayoyi ne ke fara kamawa. Kafin maigida ya gama karanto kalmar sirrin da ke manne a ƙasan na'urar, yara sun riga sun shige. Talabijin ta kama, laftof ɗin uwargida ta kama. Sai a zo kan tsohuwar kwamfutar nan ta kusurwar falo, wadda aka sayo a gwanjo tun yaran suna firamare, ita kuwa ta ce atafau. Tana ganin sunan Wi-Fi ɗin, a zuba mata kalmar sirri daidai, ta yi ta juyi, can ta dawo ta ce haɗuwa ta gagara.

A nan ne ake kiran mai gyara, ko wani yaron maƙwabta da aka ce ya san kan kwamfuta. Ya buɗe shafin saitin rautar, ya taɓa wuri guda, ya ce, "Alhaji, a gwada yanzu." Sai ga shi ta kama. A yi masa sannu da aiki, a ba shi na mota. Ba a cika tambayarsa abin da ya taɓa ba. Sau da yawa kuwa abin da ya yi shi ne ya sauko da tsaron gidan gaba ɗaya, daga WPA2 zuwa tsohon WPA, ko zuwa WEP idan rautar na da shi, ko ma ya cire kalmar sirrin ɗungurungum. Kwamfutar tana nan yadda take, babu abin da ya ƙaru a jikinta. Gidan ne aka janyo ƙasa don ya yi daidai da ita, tare da wayar da ake tura kuɗi da ita, da wadda hotunan iyali ke ciki.

Ya kamata a san mene ne waɗannan haruffa, domin a cikinsu maganar take. Saƙon Wi-Fi a iska yake tafiya, kuma iska ba ta san katanga ba. Duk wanda ke zaune a ƙofar gida ko a shagon da ke jingine da bangonku, na'urarsa na jin abin da rautarku ke faɗa. Abin da ke hana shi fahimta shi ne an cuɗa saƙon ta yadda sai mai mabuɗi kaɗai ke iya warware shi. Tsarin farko na wannan cuɗawa shi ne WEP, wanda ya zo tare da ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11 a 1997. Bai daɗe ba asirinsa ya tonu. A 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa akwai rauni a yadda yake haɗa mabuɗinsa: kowane ƙunshin saƙo yana tafiya da wata 'yar lamba a fili, lambar kuma gajeriya ce, ba ta da nau'i fiye da miliyan 16 da 'yan kai, don haka tana maimaituwa. Wanda ya zauna ya tara ƙunshin saƙonni masu yawa zai iya lissafo mabuɗin daga cikinsu. A 2007 wasu masu bincike a jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus suka rage aikin har ya koma ƙasa da minti guda. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, tsawon kalmar sirri ba ya taimakon WEP da komai. Ko ka zuba mafi wuyar kalma a duniya, ba zato ɓarawon ke yi ba, lissafi yake yi.

Da aka ga haka sai aka fito da WPA a 2003, a matsayin faci na wucin gadi wanda tsofaffin na'urori za su iya ɗauka ba tare da an canza musu ƙarfe ba. Gyaran gaske ya zo a 2004 da WPA2, mai amfani da tsarin AES, kuma daga 2006 duk na'urar da ke son tambarin Wi-Fi dole ta iya shi. WPA3 ya biyo baya a 2018. Saboda haka kwamfutar da ta ƙi WPA2 a yau, ko dai katin Wi-Fi ɗinta ya girmi 2006, ko kuma manhajar da ke tuƙa katin ce ba a taɓa sabuntawa ba. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Windows XP da kanta ba ta san WPA2 ba sai da aka yi mata ƙari a 2005, daga baya aka shigar da shi cikin babban sabuntawar SP3 ta 2008. Kwamfutoci da yawa da ake cewa "ba ta iyawa" sabuntawa ɗaya ce ta rage musu.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na masana kawai. Kamfanin TJX na Amurka, mai manyan shagunan tufafi, ya ci gaba da amfani da WEP a wasu shagunansa bayan duniya ta san ya lalace. Ɓarayi suka shiga ta Wi-Fi ɗin shagunan, daga nan suka ratsa har zuwa manyan kwamfutocin kamfanin. Da aka bayyana lamarin a 2007, kamfanin ya amsa cewa an kwashe bayanan katunan kuɗi fiye da miliyan 45. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ya sha ɗaurin shekara 20 a 2010. Kamfani ne mai kuɗi da ma'aikata, ba jahilci ne ya kayar da shi ba. Jinkirin canza tsofaffin na'urori ne, irin jinkirin nan na "ai suna aiki, a bar su tukuna." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ba ta buƙatar zama babba.

Wani zai ce, ni da ba ni da katin kuɗi miliyan, wa zai ɓata lokacinsa a kaina? Tambayar tana da hujja, kuma gaskiya ne mafi yawan masu shiga Wi-Fi ɗin mutane a unguwanninmu ba asiri suke nema ba, data suke nema. Amma ko wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne a inda ake sayen data da awo, wata bai kai rabi ba ta ƙare, maigida ya hau yara da faɗa alhali masu shanyewar suna bayan katanga. Sannan wanda ya shigo don data ya riga ya shigo. Yana layi ɗaya da firintarka, da kyamarar tsaron ƙofa idan kana da ita, da duk wani babban fayil da aka bari a buɗe don rabawa tsakanin kwamfutocin gida. Duk abin da ya aikata a intanet kuma, da layinka zai fita, layin da aka yi wa rajista da sunanka.

Akwai kuma hasarar da ba a lura da ita. Ƙa'idar 802.11n ba ta yarda a yi gudu mai yawa da WEP ko tsohon WPA ba, don haka na'urar da ta haɗu ta wannan hanya ba za ta wuce megabit 54 a daƙiƙa ba, kome sabuntar rautar. Mutum ya biya kuɗin sabuwar na'ura, ya koma yana cin gudun tsohuwa. Shi kuwa zaɓin nan na gauraye, wanda ake rubuta WPA/WPA2, ya fi WEP nesa ba kusa ba, amma shi ma sassauci ne da ke shafar kowa, domin saƙonnin da rauta ke watsa wa dukan na'urori a lokaci guda dole ta kulle su da tsarin da mafi rauninsu zai gane.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Idan abu ɗaya a cikin gida ya gaza, hannunmu ya fi saurin zuwa ga sassauta ƙa'idar kowa da kowa, domin shi ne ya fi sauƙi, kuma yana kama da kyautatawa. Ba a ga wanda ya cutu nan take, sai murnar wanda ya samu shiga. Amma kyautatawar da ta dace da mai rauni ita ce a yi masa tanadi nasa na musamman, wanda zai ɗauke shi yadda yake ba tare da an tuɓe wa sauran kariyarsu ba. Wannan ya fi wahala kaɗan, yana cin tunani da 'yan kuɗi, shi ya sa ake gudunsa.

Ba kuma ina cewa a jefar da tsohuwar kwamfuta ba ne. Ina jin haushin shawarar nan ta "ka sayi sabuwa mana" da ake jefa wa mutane kamar kuɗin a ƙasa ake tsintarsu. A kan irin waɗannan kwamfutoci ne yara da yawa suka fara koyon buga rubutu, a kansu ɗalibai ke gwajin jarrabawar JAMB tun da ta koma ta kwamfuta, a kansu ƙananan 'yan kasuwa ke ajiye lissafin shago. Na'urar da ke aikinta tana da haƙƙin a ci gaba da morarta. Maganar ita ce a ina za a ajiye ta.

Domin matsalarta ba ta tsaya ga kalmar sirrin Wi-Fi ba. Ko da ta iya WPA2 sarai, tana ɗauke da wani rauni na daban a cikinta. Microsoft ta daina yi wa Windows XP facin tsaro ranar 8 ga Afrilu 2014, ta daina wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Ma'anar haka ita ce duk ramin da aka gano a cikinsu bayan waɗannan ranaku, yawanci a buɗe zai zauna har abada. Burauza ma ta bi sahu: Chrome ta bar XP tun 2016, ta bar Windows 7 a farkon 2023. Duniya ta ga abin da rashin faci ke haifarwa ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Ƙwayar ta bi ta wani tsohon tsarin raba fayiloli ne mai suna SMBv1, kuma ba ta jiran kowa ya danna komai: idan ta kama kwamfuta ɗaya, da kanta take lalubo sauran da ke layi ɗaya da ita. Microsoft ta riga ta fitar da facin tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka ba ne suka faɗa, kuma mafi yawansu masu Windows 7 ne. Lamarin ya yi tsanani har kamfanin ya karya al'adarsa ya fitar wa XP faci na gaggawa, shekara uku bayan ya sallame ta.

To, kwamfuta irin wannan, wadda kullum ake cusa mata filashin da ya zaga shagunan buga takardu na gari, bai kamata ta zauna layi ɗaya da sauran na'urorin gida ba.

Magabata sun warware irin wannan tun kafin a san lantarki, da suka gina zaure. Baƙo yana da wurinsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, a girmama shi, amma ba ya ratsawa cikin gida. Yawancin rautocin zamani suna da abu makamancin haka, wato layin baƙi, wanda a shafin saiti ake samunsa ƙarƙashin kalmar Guest. Layi ne na biyu mai sunansa da kalmar sirrinsa, yana ba da intanet, amma wanda ke kansa ba ya ganin na'urorin da ke babban layi. A wasu rautocin sai an duba an tabbatar an kashe zaɓin da ke ba baƙi damar shiga layin cikin gida. Nan ne mazaunin tsohuwar kwamfuta. Nan ne kuma mazaunin abokan yara da ke zuwa kallon ƙwallo, da tsohuwar wayar da ta daina samun sabuntawa, da talabijin mai intanet da ba a san ranar da kamfaninta ya daina kula da ita ba. Shi ma layin baƙin a sa masa WPA2, kada a bar shi a buɗe don an kira shi na baƙi.

Idan kuwa katin Wi-Fi ɗinta ne bai iya WPA2 ba, maganin ƙarami ne. Akwai 'yar na'urar Wi-Fi mai kama da filash da ake sokawa a ramin USB, ana samunta a kasuwannin waya da kwamfuta, kuɗinta bai kai na datar wata guda a gidaje da yawa ba. Abin dubawa kawai shi ne a tabbata tana da manhajar tuƙi da ta dace da Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Wata hanyar ita ce kebul: a ja waya daga bayan rauta zuwa kwamfutar, ba ruwanta da Wi-Fi kuma. Sai dai a sani, kebul yana warware matsalar kulle iska ne kawai, yawanci yana ajiye kwamfutar a babban layin gida, don haka wanda ya bi wannan hanya ya kashe raba fayiloli a kanta, kuma kada ya buɗe asusun banki ko imel a can.

Ƙananan na'urorin MiFi da kamfanonin waya ke sayarwa ba duka ke da layin baƙi ba. Mai irin wannan yana da zaɓi biyu masu kyau. Na farko, ya tambayi kansa ko kwamfutar na buƙatar intanet ma tukuna. Wadda aikinta buga takarda ne da lissafin shago da gwajin jarrabawa, za ta yi shekaru tana aiki lafiya ba tare da ta taɓa leƙa intanet ba, kuma babu tsaron da ya kai wannan. Na biyu, a sauke mata tsohuwar Windows a ɗora mata Linux mara nauyi, irin su Lubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce. Kyauta ne, ana sabunta su, suna da burauza ta zamani, kuma kwamfutar da ke nishi da Windows takan samu sauƙin numfashi da su. Akwai ɗan koyo a farko, kuma wasu manhajojin da aka saba da su ba za su yi aiki ba, don haka a kwashe fayiloli a ajiye gefe kafin a fara. Waɗanda suka tsufa ƙwarai, masu tsarin bit 32, zaɓinsu ya ragu sosai, su kam cire su daga intanet ya fi.

Ita kanta rautar tana da nata sha'anin, kuma a nan ne sakaci ya fi yawa. Kalmomin sirri biyu ne a jikinta, mutane da yawa ɗaya suka sani. Akwai ta shiga Wi-Fi, akwai kuma ta shiga shafin saiti, wanda ake buɗewa ta rubuta lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a burauza. Wannan ta biyun a na'urori da yawa "admin" ce tun daga masana'anta, kuma haka take zama har na'urar ta mutu. Duk wanda ka ba Wi-Fi sau ɗaya zai iya shiga can ya canza abin da ya ga dama. A 2016 ƙwayar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci da jerin kalmomin masana'anta kusan 60 kacal, aka yi amfani da su wajen kai hari ga kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoba, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. Masu na'urorin suna gidajensu ba su san da su aka yi aikin ba.

A shafin nan kuma a nemi WPS a kashe. An ƙirƙiro shi ne don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba takwas, amma a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar rabi-rabi ne, ta ƙarshen kuma ta tantancewa ce kawai, saboda haka gwajin da ake zaton miliyoyi ne ya koma kusan 11,000. Idan akwai zaɓin sarrafa rautar daga nesa, shi ma a kashe. A duba ko akwai sabuntawar manhajarta. Raunin KRACK da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana a 2017 ya taɓa WPA2 kansa, kuma da sabuntawa aka toshe shi, a wayoyi da kwamfutoci musamman. Na'urar da ba ta samun sabuntawa ba ta samu wannan toshiyar ba.

Sai kalmar sirrin Wi-Fi. WPA2 yana karɓar harafi 8 zuwa 63, amma al'adarmu ita ce a sa lambar wayar maigida. Lamba ce da rabin unguwa ke da ita, wani lokaci ma tana rubuce a allon shago. Ko wanda bai san ta ba, ya san lambobi 11 ne masu farawa da 080 ko 070 ko 090 da 'yan uwansu, kuma wanda ya kama gaisuwar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa zai iya komawa gida ya bar kwamfutarsa ta yi ta gwaji ba tare da rautarka ta sani ba. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a haɗa su da lamba a tsakani, sun fi wannan ƙarfi nesa, kuma sun fi sauƙin riƙewa. Kada dai su zama karin magana ko sunayen 'ya'ya. A tuna kuma cewa wayoyin Android tun daga na 10 suna iya nuna kalmar sirrin a hoton QR, don haka wanda ka ba ya zama mai iya bayarwa. Wannan ma wani dalili ne na ajiye baƙi a layinsu, inda za a iya canza kalmar duk lokacin da aka so ba tare da an tayar da gida duka ba.

Abubuwa biyu da masu gyara ke yawan yi don kwantar wa mutum hankali, ɓoye sunan Wi-Fi da tantance na'urori ta lambar MAC, ba laifi ba ne amma ba tsaro ba ne. Sunan da aka ɓoye yana fitowa duk lokacin da wata na'ura ta haɗu, lambar MAC kuma a fili take yawo, ana iya kwaikwayonta. Wanda aka sauko masa zuwa WEP aka ce ya kwantar da hankalinsa tunda an ɓoye suna, an ba shi magana ce kawai.

Wannan batu zai ƙara girma nan gaba kaɗan. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10, kuma Windows 11 ba ta hawa kan kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, ko wadda injinta na Intel ya girmi ƙarni na 8, in ban da 'yan kaɗan. Kwamfutoci masu ƙarfi, masu kyan gani, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka za su sallama saboda wannan dalili, da yawansu kasuwannin gwanjonmu za su nufo, daga Ikeja har Kano, kuma da araha mai jan hankali. Mai saye ya saba tambayar girman ma'ajiya da lafiyar batir. Yanzu sai ya ƙara da tambayar wace Windows ce a kai, ko tana cikin waɗanda ake yi wa faci har yanzu, ko injin zai ɗauki Windows 11 ta hanyar da kamfanin ya amince, kuma ya sa a haɗa ta da Wi-Fi mai WPA2 a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi.